Ranar Da Babana Ya Yi Wa Gidan Haya Sallama

Edita, ina gaishe ka da masu karatu. A shekarar da abin nan ya faru ina koyarwa a wata makarantar firamare a Malumfashi, da aurena da 'ya'yana, kuma a duk danginmu na ƙauye, can ƙasar Gozaki, ni ake yi wa kallon mai dabara. In biki ya taso ni ake kira, in suna ne ni ce mai faɗin tukunyar da za a ɗora, in wani ya kwanta asibiti ni ce mai raba wa mutane kwanan jinya. Na saba a ce mini na iya, har abin ya hau mini kai, na fara ganin babu wani ƙulli a duniyar nan da ba zan kwance ba. Ba zan faɗi sunana ko na kowa ba, domin waɗanda suka san labarin sun riga sun yi mini dariyar da ta ishe ni har tsufa.

Babana manomi ne, masara da dawa da ɗan auduga, ya haura saba'in amma bai yarda ya haura ba. Uwata yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa na ci. A daminar shekarar jiri ya ɗebe shi a gona, muka kawo shi asibiti, likita ya ce hawan jini ne, kuma bayan magani abin da jikinsa ke nema shi ne hutu. Baba ya saurare shi da ladabi, ya yi godiya, muna fita ya ce mini wai yaron kirki ne amma bai san duniya ba, ai hutu yana nan gaba ranar da aka kwantar da mutum a hannun damansa. Hutun da ya yarda ya yi shi ne ya zauna a kunyar farko yana gaya wa 'yan ƙwadago ba su iya riƙe fartanya ba, sannan ya karɓa ya nuna musu. Na gane muddin idonsa na ganin gonar nan ba zai zauna ba, sai an kai shi inda ko da kuka ba zai ga kara ɗaya na dawa ba.

Bakin teku ya faɗo mini a rai ne saboda wani labari da muka tashi muna ji a bakinsa. Kakansa falke ne tun kafin zuwan Turawa, yana kai kanwa da fatu kudu a kan jakuna ya dawo da goro. A wata tafiya ya nausa har bakin ruwan gishiri, ciwo ya kama shi a can, abokan tafiya suka wuce suka bar shi, wani mutumin garin da ba ya ko jin Hausa ya ɗauke shi ya ajiye a gidansa ya yi jinyarsa har damina ta wuce. Babu wanda ya riƙe sunan garin, balle na mutumin. Amma duk sanda Baba ya ba da labarin sai ya ƙare da cewa da mutumin nan ya rufe ƙofarsa, da babu ko ɗayanmu a duniya.

Sai na zauna da wayata na shiga manhajar nan da mutane ke ba da hayar gida na 'yan kwanaki, da gado da tukwane da komai. Na zaɓi Badagri saboda tsohon gari ne mai tarihi, ga ruwa, ga itatuwan kwakwa, kuma an ce akwai Hausawa. In dai tsari ne, wallahi na yi shi. Na karanta abin da baƙin da suka taɓa sauka suka rubuta a kan kowane gida, na watsar da duk wanda aka ce famfonsa na yin fushi. Na watsar da masu bene saboda gwiwar Baba. Na ƙare a kan wani tsohon gida mai faffaɗan baranda da tagogin katako, wanda aka ce tun ƙarni na sha tara aka gina shi, aka gyara. Na dami mai kula da gidan da tambayoyi, ko akwai janareta, ko akwai masallaci kusa, ko banɗakin na zama ne ko na tsuguno, ko tukunyar kicin ɗin za ta ɗauki tuwo, har ya tambaye ni ko sayen gidan zan yi. Na tsayar da lokaci bayan an gama kai amfani gida, na biya ta waya, na tanadi garin masara da kuka da daddawa da muciyata, don na san Baba ba zai yi kwana biyu a kan shinkafa ba. Abu ɗaya ya rage, shi mutumin da za a kai.

Na fara da gaskiya, wannan kam Allah ya sani. Na je ƙauye na lallaɓa na ce masa yanzu akwai wani abu da ake yi, mutum ya kama gida a wani gari ya je ya huta ya dawo. Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce mutum da gidansa da tabarmarsa, ba a kore shi ba, ba gobara ba, ya ɗauki dukiya ya ba wani don ya kwanta a gadonsa yana kallon rufi? Ya ce in na ga masu yin haka in gaishe su, in kuma tambaye su ko suna da gonar sayarwa, don masu irin wannan tunani ba sa daɗewa da gona. Na dawo Malumfashi raina a ɓace, ga haya na riga na biya. A hanya, cikin motar haya tsakanin buhunan barkono, shaiɗan ya zauna kusa da ni ya ba ni shawara, ni kuwa na ga ta yi kyau.

Da na koma ƙauye sai na ce wa Baba ai an yi abin mamaki, ta waya an gano gidan da kakansa ya yi jinya, jikokin mutumin suna nan, sun kuma ce lallai mu zo su gan mu. Na yi zaton zai yi mini tambayoyi, na ma shirya amsoshi. Bai tambayi komai ba. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce Allah mai iko, ya sa mini albarkar da har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni. Maigidana da na gaya masa ya ce babu ruwansa, shi direba ne kawai a tafiyar nan, amma in tuna ramin ƙarya ƙurarre ne. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, in mun isa zan ce tafiyar gaggawa ta kama masu gidan sun bar mana makulli, Baba ya sha iska ya ga teku mu dawo, wa ya ji wa ya gani.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne Bahaushe ba ya zuwa gidan mutunci hannu na dukan cinya, kuma ba ya tafiya a ɓoye. Ranar Juma'a bayan an idar da salla Baba ya miƙe a gaban jama'a ya ba da labari kaf. Liman ya yi addu'a, aka shafa. Kafin mu zo ɗaukarsa gari ya ɗauka. Na tarar da zaurenmu kamar za a kai lefe: buhun masara zaɓaɓɓiya daga rumbun Baba, tulun zuma daga mai unguwa, man shanu daga wani makiyayi abokinsa, sabuwar tabarma daga liman, kowa da saƙon gaisuwarsa zuwa ga jikokin mutumin kirki. A ƙofar gida kuma ga wani farin rago da Baba ya yi wata da watanni yana turkarsa don layya, an wanke shi tas. Na tuna a ƙa'idodin gidan an rubuta ɓaro-ɓaro ba a shigowa da dabba, ko kyanwa. Na ce Baba ai ragon zai wahala a hanya. Ya ce jakunan kakansa da ƙafa suka je, shi kuwa wannan a mota zai tafi kamar Alhaji. Na waiwaya neman taimako wajen maigidana, na tarar ya sunkuya yana duba tayar da babu abin da ya same ta, kafaɗunsa na rawa.

Tafiyar kanta ba ni da abin cewa a kanta sai alheri. Muka bi ta Funtua muka miƙa kudu a bas ɗin maigidana, muka yada zango wajen wani ɗan uwa a Ibadan. Baba ya zauna a gaba yana yi wa gonakin mutane hukunci ta taga, wannan an yi sakaci da shara, wancan mai shi rago ne, ƙasar can kuwa da a hannunsa take da an ga aiki. Ragon yana baya yana amsa masa. Ni kaɗai ce ban ji daɗin komai ba, duk garin da muka wuce sai in sake bitar ƙaryar da zan faɗa in mun isa. Da muka kusa, Baba ya sa aka tsaya a wani gidan mai, ya yi alwala, ya fito da babbar rigarsa ta salla ya saka, ya fesa turare, ya ce ba a shiga wa mutane da ƙurar hanya.

Da la'asar muka isa. Gidan ya ma fi hotonsa kyau, fari ƙal, da tukwanen furanni jere a baranda, iska mai ɗanɗanon gishiri na kaɗawa. Baba ya sauka, ya gyara hannun riga, ya kama igiyar rago da kansa, ya tsaya daga gefen ƙofa kamar yadda ake yi, ya yi sallama da muryar da yake kiran salla da ita in ladan bai zo ba. Shiru. Ya dakata, ya sake. Shiru, sai wani kare can nesa. Ya yi ta uku, ya jira, sannan ya juyo ya ce mu koma mota, an yi uku ba a amsa ba, ba mu da izinin shiga. Ni kuwa na riga na lallaɓa jikin ƙofa inda aka maƙala wani ɗan akwatin ƙarfe, ina danna lambobin da aka turo mini, akwatin ya buɗe, makulli ya faɗo a hannuna. Baba ya dube ni, ya dubi makullin, ya tambaye ni a hankali ko a makarantar da ya sa ni har da fasa gida aka koya mana.

Na karanto masa abin da na haddace, cewa tafiya ta kama masu gidan, sun ce mu shiga mu sake kamar gidanmu. Na yi tsammanin shi ke nan. Baba ya ce to madalla, Allah ya dawo da su lafiya, sai mu jira su. Ya ce shi bai taɓa kwana a ɗakin da mai shi bai nuna masa da hannunsa ba, ba kuma zai fara a gidan da ya fi kowane gida girma a idonsa ba. Ya ɗauko buzunsa ya shimfiɗa a gindin wata bishiya a bakin titi, ya zauna da babbar riga ya fito da carbi. Na roƙa, na yi magiya, na kawo maganar hawan jini da sauro, ko gezau. Maƙwabta suka fara leƙowa, masu wucewa suna rage tafiya suna kallon dattijo da rago da buhun masara. Kafin in ankara ragon ya ja igiya ya hau baranda ya fara da tukunyar furanni ta farko. Maigidana ya zo kusa da ni ya ce cikin raɗa, Malama mai tsari, yanzu kuma sai me ke gaba a jadawali? Da ba a gaban Baba muke ba da ya ji amsa.

Na koma bayan mota na kira mai kula da gidan. Ashe yana cikin Legas, gidan gadonsu ne, shi ke harkar haya. Da na ce ina neman wanda zai zo ya amsa sallama sai ya ɗauka makullin ne ya ƙi, ya fara maimaita mini lambobi. Na ce ba lamba nake nema ba, mutum nake nema. Da ya ji kukan rago ta waya ya tambayi mene ne wannan, na ce rediyo ne. Daga ƙarshe dai, don ya rabu da ni, ya ce mahaifiyarsa tana zaune a layin baya, a gidan nan aka haife ta, in je in same ta.

Na same ta a tsakar gida tana gyaran kifi, tsohuwa ce ƙaƙƙarfa mai manyan hannuwa, kowa Mama yake ce mata. Da Turancina da nata muka fahimci juna. Na zayyana mata komai, sannan ba kunya ba tsoron Allah na roƙe ta ta zo ta ce wa Baba kakanta ne ya yi jinyar kakansa. Ta ajiye wuƙa ta yi dariya har tana dafa cinya. Ta ce kakanta kafinta ne, kuma yadda aka ba ta labarin rowarsa ko ruwa bai taɓa ba baƙo ba balle ɗaki. Ta ce ita ta kusa haɗuwa da Ubangijinta, ba za ta ɗauki ƙaryar wata ta ƙara a kan nata kayan ba. Amma mutumin da ya taso daga Arewa da rago don ya gaishe ta, wannan kam sai ta gan shi da idonta. Ta wanke hannu ta ɗaura ɗankwali ta sa ni a gaba.

Baba na hango ta ya miƙe tsaye. Shi ba ya jin Turanci, ita ba ta jin Hausa, sai ni ce tafinta, na kuwa ji wani sanyi, na ce abin nema ya samu, kowa zan faɗa masa abin da ya dace ya ji. Baba ya yi doguwar gaisuwa, ya kawo labarin kakansa tun daga ɗaurin jakuna, ya yi godiya a madadin zuriyarmu da ƙauyenmu. Na juya na ce wa Mama yana yaba kyan gidan. Mama ta harare ni ta yi nata dogon bayani, wanda rabinsa faɗa ne a kaina, na juya na ce wa Baba ta ce sannu da zuwa. Ya ɗan dube ni ya ce yaren nasu akwai tsawo. Muka yi haka sau biyu ko uku ina gumi. Sai Baba ya matso, muryarsa ta canza, ya ce in tambaye ta wane ɗaki ne kakansa ya kwanta, yana so kafin ya sha ko ruwa ya yi raka'a biyu a wurin ya roƙa wa mutanen nan biyu gafara. Na ga idonsa ya ciko. Ni ban taɓa ganin hawayen babana ba, ko ranar da aka binne ƙaninsa. Na buɗe baki in nuna wani ɗaki, kowanne ma, sai bakin ya ƙi. A nan bakin titi, gaban maƙwabta da rago, na durƙusa na gaya masa gaskiya, gidan haya ne, ni na biya, babu wanda ya gayyace mu, ban san garin da kakansa ya je ba.

Baba ya juyo ya dube ni. Da ya buɗe baki kuwa bai ce Uwata ba, sunana na yanka ya kira, wanda rabon da in ji shi a bakinsa tun ina ƙarama. Bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ba hayar ce ta dame shi ba, dukiyata ce in ga dama in zuba a rijiya. Abin da yake so in gaya masa shi ne me zai ce wa mai unguwa a kan zumarsa, me zai ce wa liman da ya ɗaga hannu ya yi addu'a a kan maganar da babu ita. Ya ce ya kai wannan shekaru ba a taɓa cewa ya faɗi abu ba haka ba, in ana gardamar iyakar gona shi ake kira a rufe magana da bakinsa, yau ga shi 'yarsa ta ɗora masa ƙarya a ka ya ɗauka ya shiga da ita masallaci. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Na yi kuka irin na yara, har da majina.

Mama ta dafa ni ta ce in fassara mata, kuma wannan karon in fassara duka. Na fassara. Ta tambaye ni me ya hana shi shiga tun farko, na gaya mata maganar sallama uku. Sai ta kama haɓa. Ta ce haya harkar ɗanta ce da wayarsa, amma ƙofar nan ta ubanta ce, kuma abin kunya ne a ce dattijo ya tsaya a bakinta ya yi gaisuwa babu wanda ya amsa. Ta ce ita ba Musulma ba ce amma rabin danginta Musulmi ne, ta san abin da ake cewa. Ta fizge makullin daga hannuna, ta buɗe ta shiga, ta rufo ƙofa, ta leƙo ta taga ta yi wa Baba alama da hannu ya sake. Baba ya tsaya yana kallon ƙofar, ni kuwa na san in ya juya ya nufi mota to har Gozaki ba mai tsayar da shi. Can sai ya gyara riga, ya koma gefen ƙofa, ya yi sallama. Daga ciki Mama ta amsa da wata irin murya da ta cika layin, ta ja ƙarshen kamar mai waƙa, ta wangale ƙofa ta shimfiɗa hannu biyu. Maƙwabta suka sa tafi. Baba ya yi iya ƙoƙarinsa ya riƙe fuska, dariya ta ƙwace masa. Ya miƙa mata igiyar rago, ya cire takalmi ya shiga da ƙafar dama, ta kai shi har ɗaki ta nuna masa gado da hannunta.

Kwanakin da suka biyo baya suna cikin mafi daɗi a rayuwata, duk da Baba ya yi kwana biyu yana magana da ni ta bakin maigidana. Washegari aka yanka ragon, Mama ta raba wa layin duka, ta aiko mana da miyar kifi mai yajin da ya sa maigidana neman ruwa da ido rufe, ni ma na tuƙa tuwon masara miyar kuka na aika mata. Muka shiga kwalekwale mai inji muka haye zuwa bakin teku, Baba ya riƙe gefen jirgin da hannu biyu yana karanta duk addu'ar da ya sani. Da ya ga tekun ya tsaya cak, ya daɗe, sannan ya ce gani ya kori ji. Ya ɗebi ruwan ya ɗanɗana ya tofar, ya ce ikon Allah, ruwa har iyakar gani amma ko kwano ɗaya na tumatir ba zai shayar ba. Ya damƙi rairayin ya murza ya ce in aka dage wataƙila aya ta yi. Igiyar ruwa ta biyo shi ya kwasa da gudu riƙe da babbar riga, gudun da likita bai san yana da shi ba. An kai mu tsofaffin gine-ginen da aka tsare bayi a da, muka ga sarƙoƙi, ranar kam bai yi wasa da kowa ba. Ya zauna da dattawan Hausawan garin ya tambayi labarin kakansa, babu wanda ya sani. A ƙarshe ya shimfiɗa buzunsa a kan rairayi ya yi raka'o'insa biyu, ya ce ko a wane gari ne dai wannan ruwan suka kalla. Kuma ya yi barci. Na ga babana yana barci har hantsi a baranda, baki buɗe, na zauna ina kallonsa ina jin daɗi da kunya a haɗe.

A hanyar dawowa na ce masa ba sai an gaya wa mutanen gari komai ba, ai kayan sun isa hannun mai gida, an kuma karɓe mu. Ya ce ashe ban warke ba. Juma'ar farko ya miƙe a inda ya miƙe a da, ya ce jama'a maganar da ya faɗa musu ba haka take ba, 'yarsa ce ta yi masa dabara don ya huta, ba gidan da kakansa ya sauka ba ne, gidan haya ne. Ya bi kowa da bayanin inda kayansa suka shiga, ya ce wanda bai yafe ba ya zo ya biya shi. An ce dariyar da aka yi har liman sai da ya share hawaye. Mai unguwa ya ce zuma ta halatta, tunda ta sa an ga ranar da Malam ya kwana a gadon haya. Har yau abokan wasansa in sun gan shi sai su yi sallama uku su ce ko a kira Mama, shi ma ya biye musu. Duk kaka yana aika mata masara ta hannun direbobin Funtua, ita kuma ta aiko da kwakwa da busasshen kifi.

Kowa ya ɗauka labarin ya ƙare da daɗi, kuma ya ƙare ɗin. Baba ya yafe mini tun a can. Amma akwai abin da ni kaɗai na lura da shi. Kwanakin baya na kira shi na ce likita ya ce a kawo shi a sake duba shi ranar Talata. Ya ce to, Allah ya kai mu, ya sa mini albarka. Ba a jima ba sai na ji wayar maigidana ta yi ƙara a ɗaki, na ji yana cewa e Baba, gaskiya ne, likitan ne ya faɗa. Da ya fito ya ga fuskata sai ya ce ai tun dawowarmu haka ake yi, bai dai gaya mini ba ne. Na shiga kicin na zauna a kan turmi na yi kukana ni kaɗai. Mutumin da na ce masa an gano gidan da ya ɓace tun zamanin jakuna bai tambaye ni ko sau ɗaya ba, yau ranar asibiti ma sai ya nemi shaida.

Shi ya sa na rubuto. 'Yan uwana masu shirya wa iyaye irin wannan tafiya, ku duba ruwa da wuta da matakala, ku karanta ƙa'idodin gida, ku tambaya ko akwai mutumin da zai tarbe ku a ƙofa, don tsofaffinmu ba sa gaisawa da akwatin ƙarfe. Amma kafin duk wannan ku gaya musu gaskiyar inda za ku kai su. In sun ƙi, ku sake roƙo, ku turo wanda suke jin nauyinsa, ku jira wata shekarar. Kada ku ce ai don alherinsu ne, ni ma haka na ce. Hutun na samo masa, ya ƙare cikin 'yan kwanaki, yardar da na kashe wajen sayensa kuwa har yanzu ina tarawa kaɗan-kaɗan, ban kuma sani ba ko kwanakin da suka rage mana tare za su isa in mayar da ita.